Hanci da Man Zafi Mai Koren Murfi

Yayana ba shi da wani hanci na a zo a gani. Madaidaici ne irin na gidanmu, mai ɗan faɗi daga ƙasa. Amma tun muna yara ake ce masa Hanci, har sunan ya danne nasa na gaskiya, saboda abin da yake ji da shi. Daga bakin ƙofa zai ce wa mahaifiyarmu madarar da ta ajiye ta kusa lalacewa, a ɗanɗana a ji lafiya lau, kafin la'asar ta tsinke. In ya dawo daga makaranta ya shiga ɗaki, sai ya faɗi baƙuwar da ta zo ba ya nan. Mahaifiyarmu takan ce, "Kai dai da ana ɗaukar mutum aikin sunsune-sunsune, da tuni mun huta." Ashe ana ɗauka. Shekara ashirin da shida ya yi yana wannan aiki, ni ƙanwarsa kuma na ga farkonsa, na ga ƙarshensa.

Dogo abokinsa ne tun suna aji ɗaya. Shi Dogo baki gare shi da ƙafa. Zai sayar maka da takalmin da ke ƙafarka, ka biya, ka kuma yi masa godiya. Yaya kuwa sai ya wuni bai yi magana goma ba. Da suka gama makaranta Yaya ya yi shekara uku a wani kantin magani, yana goge kanta yana karanta abin da ke jikin kwalabe, a nan ya koyi awo da haɗi. Wata rana Dogo ya zo masa da shawara su riƙa yin man zafi, irin wanda ake shafawa a ƙirji don mura, ko a gwiwa don ciwon gaɓɓai. Suka fara a wani ɗaki mai taga ɗaya a bayan gidan su Dogo, da tukunya a kan risho, da ƙaramin sikeli da Yaya ya saya a hannun wani maƙerin zinariya da ya daina sana'a. Kayan haɗin ba su da yawa: kaki, farin mai, kafur, man na'ana'a, sai ɗigon man lemo don kada warin ya kori mutane.

Babu takarda tsakaninsu. Dogo ya kawo jari da ɗaki, kamfani ya zama da sunansa, Yaya ya kawo hannu. In aka ce wa Yaya ya kamata a rubuta wani abu, sai ya ce, "Ni da Dogo? Ai sai ya ga kamar na zage shi."

Man ya karɓu. Mutane ba sa ma kiran sunansa, sai dai su ce a ba su mai koren murfi. Cikin shekara takwas suka koma wani dogon gini a bayan tashar manyan motoci, da ma'aikata arba'in da tukwane uku na ƙarfe, kowace ta fi mutum tsayi. Yaya ya yi aure, matarsa ta haifi tagwaye a haihuwar fari, muka koma ce mata Maman 'Yan Biyu. Takan yi masa tsiya ta ce tun da ta shigo gidansa mura ba ta taɓa kama ta ba, don ko matashin kansu magani ne.

A nan ma'aikatan haraji suka shigo labarin. Akwai harajin da ake ɗora wa wasu kayan da masana'anta ke yi, ana biyansa tun kafin kayan su fita daga ƙofar kamfani. Yadda Yaya ya fahimtar da ni, kayan kwalliya suna cikin masu biya, magani ba ya ciki. Ma'aikatan suka zo suka buɗe gwangwani, suka ji ƙamshin lemo, suka ce wannan ai man gyaran fata ne, a biya. Dogo ya ce magani ne. Aka shekara ana musayar wasiƙu, daga ƙarshe magana ta je gaban kwamitin da ke sauraron ƙarar haraji.

Wani ɗaki ne a hawa na biyu, mai dogon tebur da fanka mai ƙara, mutum uku a zaune. Lauyoyi suka yi kwana biyu suna karanto sashe kaza, ƙaramin sashe kaza. Rana ta uku aka kira Yaya. Ya san ba zai iya dogon bayani ba, sai ya roƙa a bar shi ya nuna. Ya fito da sikelinsa da risho da 'yar tukunya, ya auna komai a gabansu, yana faɗin nauyin, magatakarda yana rubutawa. Da ya zuba kafur da na'ana'a a cikin narkakken man, shugaban kwamitin, wani dattijo mai tabarau, ya taso ya leƙa tukunyar. Ya ɗago hawaye na zuba, yana ta atishawa. Da ya samu numfashi ya ce, "Duk matar da ta shafa wannan don kwalliya, sai dai a wuce da ita asibiti." Ɗaki ya ɗauki dariya, har lauyan hukuma.

Bayan wata biyu hukunci ya fito. Man magani ne, babu haraji a kansa, amma da sharaɗi. Kafur da na'ana'a kada su gaza kashi goma sha biyu cikin ɗari. In suka gaza, ya koma kayan kwalliya. Kuma kowane zubi, wato kowace tukunya da aka dafa aka juye a gwangwanaye, sai an cika masa takarda, mai haɗi ya sa hannu cewa awo ya cika. A cikin hukuncin aka rubuta sunan Yaya a matsayin mai haɗin da aka amince da shi.

Dogo ya sa aka yi wa hukuncin gilashi, ya rataye a ofishinsa. A gabana ya rungume Yaya a tsakar gidanmu, ya ce wa mahaifiyarmu, "Inna, namiji ɗaya kika haifa, amma biyu gare ki. Duk abin da zai taɓa Hanci sai ya bi ta kaina."

Daga ranar Yaya ya ɗauki sa hannun nan kamar wata amana da aka rataya masa a wuya. Biro ɗaya gare shi na wannan aiki, a aljihun gaba, ko matarsa ba ya ara wa. Ya taɓa sa aka zubar da tukunya guda cur saboda an yi kuskuren awo da abin da bai kai cikin ludayi ba. Dogo ya yi kwana biyu ba ya masa magana, rana ta uku ya sauko da kansa ya ce, "Gaskiyarka, ɗan'uwa. Zuciya ce."

Man ya fara tsallaka iyaka. Manyan motoci suna lodi a bakin sito, kowane direba da kwafin hukuncin da takardun zubin kayan da ya ɗauka, don ya nuna in an tsayar da shi. Yaya ba mai alfahari ba ne, amma wannan yana masa daɗi. Yakan ce, "Sa hannuna ya je ƙasashen da ƙafata ba ta taka ba."

Haka aka yi shekara goma sha biyar. Mahaifiyarmu ta rasu a cikinsu, Dogo na cikin waɗanda suka fi kowa kuka. Sai babban ɗan Dogo ya dawo daga karatu aka ba shi manaja. Yaron nan a kafaɗar Yaya ya girma, Baffa yake ce masa, ba ya gaishe shi a tsaye. Shi ya kawo sabon inji, wanda ke auna kayan haɗi da kansa, ya zuba, ya turo 'yar takarda mai nuna nauyin kowane abu. Da aka gama kafa shi, Manaja ya zo ya rusuna ya ce, "Baffa, tururin nan ya ishe ku haka. An gyara muku ofis a sama, ku huta, mu yara mu yi wahalar."

Ofis ne mai kujera mai juyawa da na'urar sanyaya ɗaki, tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci. Kullum da yamma a hau masa da takardun zubi, kowace da 'yar takardar inji a maƙale, kashi goma sha biyu daidai, ya duba ya sa hannu. Makullin siton kafur, da ya yi shekara da shekaru a aljihunsa, ya koma ofishin Manaja. Mu a gida murna muka yi. Maman 'Yan Biyu ta ce, "To shi ke nan, an mai da mana kai babban mutum, yanzu sai mura ta kashe mu."

Wajen wata huɗu bayan haka ya shigo shagona, don ni ɗinki nake yi. Ya ajiye gwangwani a kan teburin keke, ya ce a wani kanti ya saya a hanya.

"Shafa a bayan hannunki," ya ce.

Na shafa.

"Me kika ji?"

"Ƙamshi, Yaya."

"Zafi fa?"

"Kaɗan-kaɗan."

"Da na da ne, da yanzu kin fara zagina."

Washegari ya shiga wurin Dogo ya ce man ya yi sanyi. Dogo ya yi dariya har da buga tebur. "Hanci, hancin nan naka ya yi ritaya bai sanar da kai ba. Inji ne fa yake awo, shi kuwa ba ya ƙarya." Yaya ya ce to a bar shi ya sauka ya auna zubi ɗaya da hannunsa. Aka kira Manaja, ya zo da ladabinsa ya ce masu injin sun rufe shi da hatiminsu, in aka buɗe ba su da alhakin gyara. Yaya ya hau sama ya ci gaba da sa hannu, ransa ba daɗi. Bayan wata guda ya sake komawa, aka sake yi masa wasa da dariya.

Maman 'Yan Biyu ce ta tsaya masa a kai. Ta ce, "Malam, maganar baki iska ce. Ka rubuta, kuma ka riƙe kwafi." Ya rubuta, shafi ɗaya, cewa yana zargin awo bai cika ba, yana neman a kai samfur ɗakin gwaji. Amma kwafin bai riƙe ba. Da ta tambaye shi ya ce, "In na riƙe, kamar ina haƙa masa rami ne."

A cikin mota ya ba Dogo wasiƙar, su biyu, a ƙofar kamfani. Dogo ya karanta har ƙarshe, ya ninke, ya sa a aljihu. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce, "Na ji, kuma na bincika da kaina tun zuwanka na farko. Kafur ɗin da ake kawo mana yanzu tacacce ne, ba shi da ƙarfin wari, amma nauyinsa na nan. Dubi idona, Hanci. Ni zan sa ka sa hannu a kan ƙarya? Ni?"

Yaya ya dubi idonsa. Ya koma ofis, ya yi wata goma sha huɗu yana sa hannu.

Ba zan ce ba shi da laifi ba, shi ma bai taɓa cewa haka ba. Ya ji abin da ya ji a gwangwanin, ya ajiye shi gefe saboda mutum ya ce masa dubi idona.

A kan iyaka abin ya fashe. Wata jami'ar haraji, mace mai ƙaramin jiki da ba ta ɗaga murya, ta tsayar da ɗaya daga motocin, ta zari kwali uku daga tsakiyar lodi ta aika ɗakin gwaji. Sakamako ya dawo: kashi huɗu. Mako na zagayowa ta iso kamfani da mutum biyar da ƙarfe goma na safe. Suka ɗaure ƙofar sito da waya suka danna mata hatimin dalma, suka kwashe takardun zubi kaf, ɗari shida da wani abu, kowace da sa hannun Yaya.

Yaya ya nemi Dogo a ofis, aka ce ya fita. Ya je gida, maigadi ya ce ya yi tafiya, ga motarsa kuwa a cikin rumfa. Waya tana shiga ba a ɗauka. Sai lauyan kamfani ne ya kira shi, ya ba shi shayi, ya ce kada ya damu, kamfani na bayansa, in an je gaban kwamiti ya amsa abin da aka tambaye shi kawai, kada ya ja magana. Maman 'Yan Biyu ta ce ya nemi lauyansa na kansa. Ya ce, "Lauya biyu a gida ɗaya? Ai sai a ce mun rabu."

Ɗakin nan ne dai na hawa na biyu. An canza fanka, dattijon mai tabarau kuma ya daɗe da barin aiki, wani ne a kujerarsa. Ni da Maman 'Yan Biyu muka zauna a benci na baya. Dogo yana gaba kusa da ɗansa, bai waiwayo ba ko sau ɗaya.

Lauyan kamfani ya miƙe. Ya ce kamfani bai taɓa nufin kauce wa haraji ba. Ya ce doka da kanta ta ɗora amanar awo a kan mutum ɗaya, ga sunansa a hukunci, ga sa hannunsa a takarda ɗari shida. Kamfani ya ba da kayan haɗi, ya yarda da ma'aikacinsa. Inda kafur ɗin yake bi tsakanin sito da tukunya kuwa, in ji shi, kamfani shi ma yana so ya sani, don kafur abu ne mai tsada kuma yana da kasuwa a waje.

Na ga Yaya ya waiga hagu, ya waiga dama, kamar mai neman wanda ake magana a kansa.

Da aka ba shi dama ya miƙe. Ya ce shekara ɗaya da rabi rabonsa da makullin sito. Ya ce an hau da shi sama, takardar inji kawai yake gani. Ya ce ya kai ƙorafi sau uku, na ukun a rubuce.

Shugaban kwamiti ya ce, "Ina kwafin wasiƙar?"

"Ban riƙe ba, ranka ya daɗe."

"Wa ka ba?"

"Mai kamfani. Hannu da hannu."

Aka kira Dogo. Ya tashi da tsayinsa, ya yi rantsuwa, ya zauna. Shugaban ya tambaye shi ko mai haɗin ya taɓa kawo masa ƙorafi a kan awo. Akwai robar ruwa a gabansa, ita ya tsura wa ido.

"Ban tuna ba, ranka ya daɗe."

"Wasiƙa fa?"

"Ban karɓi wata wasiƙa ba."

Yaya ya ce, "Dogo." Sunan kawai ya kira, ba da ƙarfi ba, kamar yadda ake kiran wanda ya yi barci a mota an iso gida. Shugaban ya ce ya yi shiru, ba lokacinsa ba ne. Maman 'Yan Biyu ta damƙi cinyata, sai da na yi mako da shaidar farcenta.

Wadda ta hana a kira yayana ɓarawo a takarda ita ce jami'ar nan da ta kama kayan, wadda ba ta san shi ba, ba ta haɗa komai da shi ba. Ashe ba ta tsaya a kan takardun zubi ba. Ta je wurin masu sayar wa kamfani kafur, ta gano cewa mako biyu da kafa injin, kamfani ya rage abin da yake saya zuwa kashi ɗaya cikin uku. Ta kawo wani injiniya ya buɗe injin, aka ga an saita shi ya riƙa buga goma sha biyu ko me aka zuba masa. Ta ajiye takardunta a gaban kwamiti ta ce, "Ranka ya daɗe, kafur ɗin da ake cewa ya ɓata a hanya, tun farko ba a sayo shi ba."

Hukunci na biyu ya fito bayan mako shida. An soke rangwamen harajin. Kamfani zai biya harajin duk abin da ya fitar a watannin nan, da tara a kai. A kan wanda ya rage sayen kafur da wanda ya saita inji, kamfani ya ce kuskuren sashen sayayya ne, kwamiti kuma ya ce ba a kawo masa hujjar da za ta nuna mutum ɗaya ba. Sunan mutum ɗaya ne kawai ya fito a hukuncin, na Yaya. An janye amincewar da aka yi masa saboda ya sa hannu a kan awon da bai gani da idonsa ba, kuma ba zai sake sa hannu a wata masana'anta ba. Da ɗansa ya karanta masa wurin, ya ce, "Wannan kam gaskiya suka faɗa."

Kamfani ya yi wata uku a rufe, ya sake buɗewa da sabon suna da shuɗin murfi, yana sayar da man a matsayin na gyaran fata, yana biyan harajinsa. Yaya ya je ranar da aka buɗe, don ba wanda ya ce masa kada ya zo. Maigadin da suka yi kusan shekara ashirin suna gaisawa ya tare shi a ƙofa, kansa a ƙasa, ya miƙa masa ambulan mai takardar sallama daga aiki, da kwali. A cikin kwalin akwai kofin shayinsa, da tabarau, da silifas ɗin da yake sawa in zai yi alwala.

Mutanen unguwa ba su karanta hukunci ba, maganar lauya ce ta iso musu. Akwai wani benci a ƙofar mai gyaran rediyo inda Yaya yake zama da yamma. Wata rana yana isowa wani ya ce, cikin wasa wai, "Hanci, a sammana kafur mana, ko an sayar duka?" Aka yi dariya. Bai sake zama a wurin ba. Ya yi wata biyar daga ɗaki sai masallaci. Ya rame, wuyan rigunansa ya yi masa yawa, ni na rage masa su.

Wata Asabar da hantsi Dogo ya zo. Shi kaɗai, ya ajiye mota can nesa ya tako. Ina gidan ranar. Maman 'Yan Biyu ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida ta ajiye ruwa, ba ta ce masa komai ba bayan amsa sallama. Muka koma ƙofar kicin, inda ake jin komai.

Dogo ya daɗe yana murza hularsa. Can ya ce, "Ɗana ne, Hanci. Da na faɗi gaskiya ɗaure shi za a yi. Kai na san ba za a ɗaure ka ba."

"Ka sani? Lauyanka ɓarawo ya kira ni."

"Maganar lauya ce. Ni ban sa shi ba."

"Kana zaune a wurin ya faɗa."

Dogo ya ci gaba da murza hular.

Yaya ya ce, "Abu ɗaya nake so in sani. Yaushe ka san abin da yaron yake yi? Kafin in ba ka wasiƙa, ko bayan na ba ka?"



"Kafin," in ji Dogo. "Na ce masa ya daina. Ya ce wata biyu kawai, sai mun cika odar waje. Daga nan abin ya fi ƙarfina."

"Ranar nan a mota, da ka ce in dubi idonka, ka sani ke nan."

"Na sani."

Yaya ya gyaɗa kai a hankali. Dogo ya matso, ya fara magana da sauri irin tasa ta kasuwa. Ya ce akwai shago a bakin titi, zai sa shi da sunan Yaya. Ya ce karatun 'yan biyu a wuyansa har su gama. Ya ce duk abin da Yaya yake so ya faɗa.

"Ba na son shago," in ji Yaya. "Yarana suna ciki. Zan kira su, ka faɗa a gabansu cewa na ba ka wasiƙa. Su kaɗai. Shi ke nan abin da nake so."

Dogo ya dubi ƙofar ɗakin, ya dubi ƙasa. "In na faɗa, magana za ta fita, Hanci. Yara ne. In ta fita a sake buɗe shari'a, kuma na riga na yi rantsuwa."

"To," in ji Yaya. Ya miƙe. "Ka gaida gida."

Maman 'Yan Biyu ta fito ta ɗauke ruwan da ta ajiye, ta zuba wa kaji.

Shekara uku ke nan yanzu. Wani maƙwabcinsu mai sayar da dashen itatuwa a gefen babban titi ya ɗauke shi, yana ba shuka ruwa, yana cika ledoji da ƙasa da taki. Aikin ya karɓe shi, ya ɗan murmure, ya yi baƙi. 'Yan biyu sun gama karatu ba da taimakon kowa ba, ɗaya tana koyarwa, ɗayan yana gyaran wutar lantarki. Ba a ambaton kamfanin a gidan.

Watan jiya matar Dogo ta aiko. Ta ce ya faɗi, rabin jikinsa ya mutu, bakinsa ya karkace, kuma cikin 'yan kalmomin da ake ganewa har da sunan Yaya. Gida ya rabu biyu. Maman 'Yan Biyu ta ce ko ƙofar gidan kada ya kalla. Ni na ce ya je, don ciwo ba abin wasa ba ne, kuma ba a san gobe ba.

Ya yi wanka da safe, ya sa rigarsa mai kyau, ya fita. Kafin azahar sai ga shi a shagona. Na ce, "Yaya, har ka dawo? Ya jikin nasa?"

Ya zauna a kan kujerar masu jiran ɗinki. Ya ce bai je ba. Ya kai tasha, mota uku ta tsaya ta wuce yana tsaye.

"In na je zai kama hannuna," ya ce. "Ni kuma ba zan iya kallon mara lafiya in ce masa a'a ba. Zan ce na yafe. Kuma ban yafe ba, ƙanwata. Ina so, ina roƙon Allah kullum ya ba ni iko, amma bai zo ba tukuna. Ba zan je in faɗa masa abin da babu shi ba."

Na miƙa masa ruwa. Ya sha, ya zauna yana kallon masu wucewa har na gama haɗa hannun wata riga. Sannan ya tashi ya ce bari ya je ya canza kaya, an kawo sabbin dashen mangwaro jiya, in ba a ba su ruwa da yamma ba za su kwanta.

Dogo yana nan da rai, an ce an fara zaunar da shi a kujera. Matarsa ta sake aikowa sau ɗaya. Yaya ya ce a gaishe ta, a ce mata ya ji.